Shamuwar Da Ba Ta Je Hajji Ba

Tsakanin gidana da gidan Alhaji akwai tsamiya. Ba tawa ba ce, tasa ce, don cikin gadon ubansa ta faɗo. Amma da la'asar inuwarta ƙofar gidana take kwantawa, shi ya sa na daɗe ina yi mata kallon tawa. Alhajin nan taubashina ne, ubansa da uwata ciki ɗaya suka fito. Shi ɗan namiji, ni ɗan mace, saboda haka tun muna yawo ba wando yake kirana bawansa, ni kuma ina kiransa da duk abin da ya zo bakina. Yanzu gemu ya yi fari, haƙora sun fara yi mana sallama ɗaya bayan ɗaya, amma ba mu daina ba. A ƙauyenmu, nan gefen Tafoki, in aka ji mu shiru to ɗayanmu ba shi da lafiya.

A kan tsamiyar nan shamuwa ke sauka kowace shekara. In zafin bazara ya kai inda mutum ke jin haushin rigarsa, sai wata safiya ka ɗaga kai ka gan su sun jeru a kan reshe, baƙar riga, farin ciki, jan gwiwa, suna kallon gari kamar waɗanda suka zo karɓar haya. Daga ranar kowa zai fara neman inda ya jefar da fartanyarsa, don ruwa ya kusa. Su gyara sheƙarsu ta bara, su yi ƙwai, su ƙyanƙyashe, in damina ta ja baya su kwashe 'ya'yansu su tafi.

Abin da ya haɗa su da Alhaji kashi ne. Ya kafa rumfar kwano a gindin tsamiyar yana ajiye mashin ɗinsa, su kuma suka ɗauki rumfar a matsayin bayan gidansu. Kwano ya koma fari, kujerar mashin ta koma fari. Wata Juma'a ya fito da shuɗiyar babbar riga mai aiki, ya tsaya yana gyara hula, sai ɗaya ta sa masa hatimi tun daga kafaɗa har aljihu. Ina zaune ina gani. Na ce, "Alhaji, wanga aikin wane maɗinki ne? Ya iya zubi." Bai kula ni ba, ya koma ciki ya sake riga, ya rasa sahun farko.

Duk shekara sai ya rantse zai sare itacen, duk shekara kuma ba ya sarewa. Dalili kuwa kakarmu ce, Allah ya jiƙanta. Ita ta ce mana in shamuwa ta bar nan Gabas take nufa, aikin hajji take zuwa, kuma wanda ya rushe gidan alhajiya nasa gidan ba zai zauna lafiya ba. Ba malami ne ya faɗa ba, ba a littafi take ba, maganar tsofaffi ce kawai, amma ta shige mu tun ƙashinmu bai yi ƙwari ba. Da Alhaji ya dawo daga Makka na tambaye shi ko sun haɗu da shamuwar a can. Ya ce, "Kai bawa, ka san yawan jama'ar da ke wurin kuwa? Ɗan garinmu ma ban gani ba balle tsuntsuwa."

To ni bokona aji biyu ne. Ranar da aka fara jera mana baƙaƙe da yawa a kalma ɗaya na ga abin ya zama rashin mutunci, na bi shanun kawuna, ban koma ba. Sai Allah ya ba ni ɗiya mai kai. Yanzu malama ce a Ƙanƙara, tana koyar da ilimin halittu, can take aure. Wata zuwa da ta yi ta bar mani tsohuwar wayarta, ta sa mani wata manhaja a ciki. Ta ce, "Baba, duk abin da ka gani mai rai, tsuntsu ko ƙwaro ko ciyawa, ka ɗauki hotonsa ka danna nan. Wayar za ta yi hasashen sunansa, sannan mutane masana daga ko'ina a duniya su duba su ce e ko a'a. Da haka ake sanin mi ya rage a ƙasa, mi ya ɓace."

Na ce, "Su kuma mi za su samu?"

Ta ce, "Sani."

Na ce lallai duniya akwai marasa aikin yi. Kafin sati ya zagayo na zama shugabansu.

Ba abin da na bari. Ƙadangaren katanga, buzuzu da ƙwallonsa, gawo, tumfafiya, kunkurun da na tsinta a bakin rafi, bushiyar da matata ta kora daga rumbu. Sadarwa ba ta kama mu a cikin gari, sai na hau dutsen bayan gari ina nishi ina ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa. Sunayen da ke fitowa ban iya karanta su ba, sai in tura wa malama, ita kuma ta aiko mani da murya. "Baba, wata mata daga ƙasar Turawa ta tabbatar da kunkurunka." Na ce ta gaishe mani da ita, ta tambaye ta mutanen gida da ya ruwa. Malama ta ce ba a yin haka a wurin. Na ce to wurin nasu akwai ilimi amma babu tarbiyya.

Wata rana na tarar da Alhaji ya yi barci a kan benci, baki buɗe, hula ta zame. Na ɗauke shi na danna. Da na tura wa malama abin da ya fito, dariya ta hana ta magana, daga baya ta ce, "Baba, wayar cewa ta yi ɗan Adam ne. Don Allah ka goge." Na goge, amma sai da na gaya wa majalisa cewa yau na ga inda wayar ta yi kuskure.

Bayan hotuna kuma akwai bidiyo. Malama takan turo mani su in ta samu masu fassarar Hausa, ko ta yi mani bayani da kanta. A nan na ga yadda angulu ke share mushe kafin cuta ta yaɗu, sai na tuna rabon da in ga angulu a mahautar Faskari har na manta. A nan na ga zuma na ɗaukar garin fure daga wannan zuwa wancan, ashe ba yawon banza take ba. Kullum in sauko daga dutse da sabon labari, in zube shi a majalisa kafin ya huce. Har wasu suka fara ce mani Malam, ni da ba na iya rubuta sunan garinmu ba tare da na huta a tsakiya ba. Abin ya yi mani daɗi, ba zan ɓoye ba.

Da aka yi hutun tsakiyar zango, damina ta kankama, malama ta zo gida. Shamuwa sun ƙyanƙyashe, kana jin 'ya'yan suna ƙara a sama. Muna zaune a kan dutse ni da ita, ta ce, "Baba, bari in nuna maka inda baƙinka ke zuwa." Ta buɗe wani shafi mai taswirar duniya. Ta ce duk wanda ya ga shamuwa a ko'ina yana sa alama, sai alamun su taru su zama ɗige-ɗige, kana iya bin su wata bayan wata. Ta nuna mani ƙasarmu, cike da ɗigo. Ta matsa zuwa bayan kaka, sai ɗigon suka fara tashi. Suka nufi gabas kamar da gaske. Na gyara zama na ce, "Allahu akbar, kaka ta yi gaskiya." Sai kawai na ga sun karya kwana sun gangara kudu, suna ta gangarawa, har can ƙasan taswirar inda ƙasa ke tsukewa.

Na ce, "Ina Makka?"

Ta sa yatsa can sama, tsallaken ruwa.

Na ce, "To su ina za su?"

Ta ce, "Damina suke bi, Baba. In tamu ta ƙare ta kudancin Afirka ke farawa. Fara da tsutsa suke bi."

Mai hankali da ya ji wannan zai yi shiru ya je gida ya sha fura. Ni kuwa ko sallar la'asar ban gama addu'a ba na riga kowa zuwa gindin tsamiya. Da majalisa ta cika na yi gyaran murya na ce yau na zo da abin da ko kakanninmu ba su sani ba. Dama tun a kan dutse na sa malama ta ɗaukar mani taswirar a bidiyo, saboda haka na riƙa zagayawa da waya ina nuna wa kowa. Na ce, "Kun ga alhajiyarku? Ko Jidda ba ta taɓa gani ba. Cin fara take zuwa." Aka yi ta salati ana dariya. Wani ya ce a sake nuna masa. Ni kuwa sai ƙara gishiri nake yi.

Alhaji bai yi dariya ba. Ya miƙo hannu ya ce, "Kawo in gani." Ya kalla har ƙarshe, ya ce a mayar farko, ya sake kallo. Sannan ya ɗaga kai ya dubi reshen da ke saitin rumfarsa, ya daɗe yana dubawa.

Ya ce, "Ashe ba alhajiya ba ce."

Na ce, "Ko kusa."

Ya ce, "Shekara da shekaru tana ɓata mani riga ina cewa albarka ce. Ashe 'yar yawon duniya ce." Ya miƙo mani wayar. "Na gode, bawa. Yau ka yi mani aiki."

Na karɓi wayar na sa a aljihu, ban ƙara nuna wa kowa ba.

Washegari Alhaji ya aika wa mai injin yankan katako, wani mutumin wajen Damari. Tun da shiga daji ya zama abin da ya zama, masu katako da masu gawayi cikin gari suka dawo, kowane babban itace sun san mai shi. Ɗorawar bakin kasuwa ta tafi, maɗacin makaranta ya tafi. Mai inji ya aiko cewa yana da aiki a hannu, amma da an ci cika-ciki zai zo. A kan tsamiyar kuwa sheƙa ce reshe-reshe, 'ya'yan ko gashin kirki ba su yi ba balle tashi.

Na gaya wa malama. Ta ce, "Baba, na nuna maka ne don ka sani, ban ce ka yi shela ba." Ta ce tsuntsun da ya saba da itace ɗaya, in ya dawo bai tarar da shi ba, ba lallai ya sami wani a garin ba, ga shi manyan itatuwan namu sun ƙare. Na ce na ji, yanzu mi ne ne magani a cikin wayar? Ta ce waya ilimi take bayarwa, ba ta riƙe hannun mai gatari.

Duk da haka da wayar na fara. Na kai wa Alhaji bidiyon da shamuwa ke tafiya a gonar wasu mutane can kudu, suna tsintar fara kamar mata a masussuka. Na ce, "Dubi, Alhaji, leburori ne ba lada. Masararka ma su ke tsince mata tsutsa."

Ya ce, "To su je su kwana a gonar. Mi ya kawo su kan mashin ɗina?"

Na koma dutse. Malama ta sake duba taswirar ta ce akwai wasu ɗige kaɗan a tsallaken ruwa, wajen ƙasar Yaman. Na sauko da gudu har ina tuntuɓe. Na ce, "Alhaji, an samu gyara. Ga su nan dab da Makka."

Ya sa tabarau ya duba. Ya ce, "Waɗannan danginsu ne na can. Ni ma ina da ɗan'uwa a Legas, ka taɓa ji an ce mani mutumin Legas?"

Na ce masa mutanen duniya sun san tsamiyar nan, na sa hotonta, har wani daga ƙasar Hindu ya tabbatar da ita. Ya ce in gaya wa na ƙasar Hindun ya zo ya wanke kwano. Na ce kaka za ta yi fushi a kabarinta. Ya ce ai ni na ƙaryata ta a bainar jama'a, ba shi ba, in akwai fushi ya san gidan da zai sauka. Wannan ta shige ni, don gaskiya ce.

Kwanaki suna ta tafiya. In na zauna a ƙofar gida sai in ji 'ya'yan suna kuka a sama, iyayen na saukowa da abinci a baki. Matata ta ce tunda aka aure ta ba ta taɓa ganin na bar tuwo a kwano ba sai wannan karon.

Ranar cika-ciki aka yanka kaji, aka dafa wutsiyar ragon layya da aka adana, kowa ya ci har ya kasa sunkuyawa. Washegarinta kuma ranar taubasai ce. Al'adarmu a nan, ɗan mace yakan je wurin ɗan namiji ya karɓi shara, wato ɗan abin da ubangida ke ba bawansa na shekara. Ba a hanawa. Wanda ya hana taubashinsa shara, har jikokinsa sai an yi musu gori. Ni da Alhaji mun mayar da abin wasa, wata shekara ya ba ni goro ɗaya, wata shekara ya ba ni tsohon takalmi ƙafa guda. Ina kwance da safe ina tunanin mi zai ba ni bana, sai na tashi zaune.

Ban je gidansa ba. Na jira sai da aka fito daga sallar azahar, mutane sun taru a ƙofar masallaci ana neman takalma, mai unguwa na nan, liman na nan. Na sha gabansa na durƙusa har ƙasa, gwiwoyina suna ƙara kamar busasshen kara.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ubangidana, bawanka ya zo karɓar shara."

Ya yi murmushi ya sa hannu a aljihu. "Yau kuma ladabi? Lallai yunwa ta yi aiki."

Na ce, "Mayar da hannunka. Bana ba na son abin aljihu."

"To mi kake so? Rigar da suka ɓata?"

"Tsamiya nake so."

Aka fashe da dariya. Alhaji ya ce, "Kai, tashi! Wa ya taɓa ba da itace a shara?"

Na ce, "Wa ya taɓa ba da takalmi ƙafa ɗaya? Na karɓa ban yi ƙara ba. Jama'a, ku shaida, yau ɗan namiji zai hana ɗan mace."

Ya juya wajen mai unguwa yana neman ceto. Mai unguwa dattijo ne da ya girme mu duka, kuma ba abin da yake so kamar rigimarmu. Ya tauna goronsa a hankali ya ce, "Alhaji, ni dai tun tasowata ban ji an ƙayyade abin da bawa zai roƙa ba. Abin da na sani, ba a tashinsa hannu wofi." Liman ya ce shi wannan ba fagensa ba ne, amma kyauta halal ce, ya sa takalminsa ya tsaya bai tafi ba.

Alhaji ya dube ni ina durƙushe. Na san kallon nan tun muna yara, kallon wanda aka kama amma yana lissafin yadda zai rama.

Ya ce, "Na ba ka."

Aka yi kabbara.

Ya ɗaga hannu. "Ban gama ba. Na ba ka ita da sassenta da rassanta da baƙinta, da duk abin da baƙin suka zubo. Dabbar mutum in ta yi ɓarna mai ita ke gyarawa, ko ba haka ba, mai unguwa? Daga yau tsuntsayen bawana ne. Kowace Juma'a da hantsi zai wanke mani rumfa da mashin, har ranar da za su tafi cin fararsu. Shi da hannunsa, ban yarda da aike ba."

Mai unguwa ya ce, "Wannan ma shari'a ce."

Na so in yi gardama, sai na ga duk idanu a kaina, kuma gwiwata ta riga ta ƙage. Na ce na yarda, a taimaka a ɗaga ni. Mutum biyu suka kama ni.

Juma'ar farko ina kan tsani da bokiti da tsumma, ruwan wanki na bin hannuna yana gangarowa har hammata, Alhaji ya shimfiɗa buzu can nesa da reshe yana ba da umarni. "Can gefen, bawa. Ido gare ka ko ado?" Sai ga ƙarar mashin, mai inji ya iso da injinsa ɗaure a baya da galan ɗin mai. Ya yi sallama, ya zagaya tsamiyar yana bubbuga ta da tafin hannu, ya ce wannan za ta ba da katako mai kyau, ta ina za a kwantar da ita?

Alhaji ya ce, "Ka makara, Malam. Ba tawa ba ce yanzu. Ga mai ita can sama, yi masa magana."

Mutumin ya ɗaga kai ya gan ni, tsoho jiƙe sharkaf, wando naɗe har gwiwa. Ya ce, "Baba, za a sayar?"

Na ce, "Akwai baƙi a ciki."

Ya ce, "In sun tashi fa?"

Na ce, "Sun bar kayansu, za su dawo."

Ya dubi Alhaji, ya dube ni, ya ce tun daga Damari ya ƙona mai. Alhaji ya ce ya bi bawansa, ni na ce ya bi wanda ya kira shi. Muka yi ta yi har mutumin ya gaji, ya sha ruwa, ya ta da mashin ɗinsa ya juya. Ina jin ƙararsa tana nisa har ta ɓace, sannan Alhaji ya nuna mani wani lungu na kwanon da sandarsa ya ce na tsallake shi. Na tsoma tsumma na koma kai.